Shin Tsabtar Masana'anta Tana Halatta Giya?

A Faransa da wasu ƙasashen Turai, masu matse inabi domin yin giya sun duƙufa wajen tsimin ruwa, da aiki da hasken rana, da mayar da ɓawon inabi taki. Shin wannan kyakkyawan tsari yana wanke sana'ar?

Ko kusa. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta giya, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mai matse ta cikin mutum goma da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya la'anta. Kyawun ƙwarya ba ya tsarkake abin da ke cikinta.

Amma fa halaccin sana'a shi ma ba ya wanke ɓarna. Majemin Sakkwato, mai jeme fatar jar akuya da bagaruwa, sana'arsa halal ce. In kuwa ya malalar da ruwan jima bisa hanya, ko ya bar shi ya gangara kogin Rima inda jama'a da dabbobi suke sha, to ya faɗa cikin abin da aya ta 56 ta Suratul A'arafi ta hana, wato ɓarna a bayan ƙasa.

Saboda haka tambaya biyu ce ke jiran kowane mai sana'a ranar hisabi: me ya sana'anta, kuma wa ya cutu da aikinsa? Allah Ya kiyaye, amin.