Yaro Ya Dawo Gida, Zuciyarsa Ta Dawo Kuwa?

Wa'azi domin Idin Iyali Mai Tsarki, zuwa ga iyaye, malaman makaranta, katikis da ma'aikatan jinya na yankin Yauri, Ngaski da Shanga



A wannan idi Ikilisiya takan sa a gabanmu wani gida wanda ya san gudun dare. Bisharar Matiyu, sura ta biyu, ta ba mu labarin yadda Yusufu Mai Tsarki ya kwashe iyalinsa cikin duhu zuwa ƙasar Masar, gama sarki Hirudus yana farautar ran Jaririn. Ashe Ubangijinmu da kansa ya fara rayuwarsa ta duniya a matsayin yaron da aka gudu da shi daga masu makami. Saboda haka in mun yi maganar yaranmu da tsoro ya taɓa, a kan Iyali Mai Tsarki muke magana.

Mu mutanen bakin Kwara mun san tashin hankali tun kaka da kakanni. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, mutane fiye da 40,000 suka bar garuruwansu da tsibiransu, ruwa ya rufe gonaki da kaburbura. Waɗanda suke yara a lokacin su ne dattawanmu a yau. Amma abin da 'ya'yanmu suka gani a shekarun nan ya fi wancan zafi. Ran 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, kaɗan ne aka ceto da rai, gidaje da yawa suka wayi gari da marayu. Ba a cika wata guda ba, ran 17 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka tafi da ɗalibai da malamai. Waɗansu daga cikin 'yan matan ba su ga gida ba sai a 2023. Ran 21 ga Nuwamba 2025 kuma abin ya faɗo a kan gidanmu na Dayosis ɗin Kwantagora, sa'ad da aka sace yara fiye da 200 tare da malamansu daga makarantar St. Mary's ta Papiri, a hayin ruwa daga nan. Allah ya ji kukanmu, aka sako na ƙarshensu kafin Kirsimatin 2025.

Ranar da yaro ya dawo akan yi guɗa, a yanka akuya, a yi Misa ta godiya, kuma daidai ne a yi haka. Amma bayan mako guda baƙi sukan watse, a bar uwa da ɗanta a ɗaki. A nan ne aikin gaskiya yake farawa. Kuma maganar ba ta tsaya ga waɗanda aka sace kaɗai ba. Akwai ƙanen da ya kwana a daji yana ɓoye, akwai yarinyar da ta tsaya a bakin ruwa tana kallon gawawwakin da ake fitarwa, akwai ɗalibin da ya tsira alhali an tafi da abokinsa. Su ma sun ji rauni, ko da yake babu tabo a jikinsu.

Yadda tsoro yake magana a jikin yaro

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ba shi da kalmomin da zai ce mana zuciyarsa tana ciwo, sai jikinsa da halinsa su faɗa a madadinsa. Ɗan shekara shida da ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wanda yake wasa har magariba sai ya manne wa zanen uwarsa. Wani yakan farka da ihu tsakar dare, wani ya yi ta kukan ciwon ciki ko ciwon kai alhali likita bai ga kome ba. Yaro mai ƙoƙari a aji sai ya zauna yana kallon allo, ba ya riƙe abin da aka koya. Matashi kuwa yakan zama mai saurin fushi, ko ya rufe bakinsa, ko ya nemi ƙwaya domin ya sami barci.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Allah ya halicci jikin mutum da ƙararrawar tsaro: in hatsari ya zo, zuciya ta buga da sauri, numfashi ya ƙaru, ƙafa ta shirya gudu. Wannan baiwa ce da take ceton rai. Amma in tsoron ya yi yawa ko ya daɗe, ƙararrawar takan ƙi yin shiru ko da hatsarin ya wuce. Shi ya sa ƙarar babur a bayan gida za ta sa yaro ya shige ƙarƙashin gado, warin ruwa ya sa yarinya ta ƙi matsawa kusa da kwalekwale. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne, ba ragwanci ba ne, ba kuwa alamar aljanu ko ƙarancin bangaskiya ba ce. Jiki ne wanda har yanzu bai yarda cewa an tsira ba.

Abin ƙarfafawa shi ne yawancin yara sukan farfaɗo sannu a hankali in sun sami manya masu natsuwa a kusa da su. Juriyar yaro ba daga cikinsa kaɗai take fitowa ba. A hannun masu riƙonsa take girma.

Abin da Ubangiji ya yi a gidan Yayirus

Bari mu koyi aikin daga wurin Mai aikin. A Bisharar Markus, sura ta biyar, an kai Yesu gidan da 'yar shekara goma sha biyu take kwance, gidan cike da hayaniya. Mu lura da abu uku da ya yi: ya fitar da taron, ya kama hannun yarinyar, bayan ta tashi kuma ya umarta a ba ta abinci.

Na fari, ya fitar da taron, ya bar iyayenta da almajirai uku kawai. Mu kuwa sau da yawa mukan tara wa yaro jama'a. Duk baƙon da ya zo barka sai a kira shi a ce ya ba da labari daga farko, wani ma ya ɗauke shi a waya ya watsa wa duniya. Kowane maimaici na dole kamar ɓare ɓawon gyambo ne. Kada mu tilasta wa yaro ya tsaya a gaban majami'a ya ba da shaida. Kada kuma mu toshe masa baki da cewa ya manta, ya wuce. In ya so magana, mu ajiye abin da ke hannunmu mu saurara, ko da labarin ya zo a gutsure, ko da ya zo ta hanyar wasa ko zane a ƙasa. In bai so ba, mu ce masa muna nan duk ranar da ya shirya.

Cikin wannan natsuwa ne za mu gaya masa gaskiya daidai da shekarunsa. Maraya da aka ce masa babansa ya yi tafiya zai yi ta zuwa bakin ruwa yana jiran jirgi, ranar da ya gane kuwa zai daina yarda da maganar manya. Gara a gaya masa a hankali cewa baba ya rasu, ba zai dawo gidan nan ba, yana hannun Allah, kuma ga wanda zai riƙe shi. Yara da yawa suna ɗauke da laifin da ba nasu ba a ɓoye, suna zaton don sun yi rashin ji ne abin ya faru, ko don sun gudu sun bar ɗan'uwa. Sai mu faɗa da bakinmu, ba sau ɗaya ba: ɗana, ba laifinka ba ne.

Na biyu, ya kama hannunta. Kowane yaro yana bukatar aƙalla babba guda wanda ya tabbata ba zai juya masa baya ba, ko uwa ce, ko kaka, ko kawu, ko malamar aji, ko uban baftisma. Hannun da ya kama yarinyar nan bai ɗauki bulala ba. Dukan yaro saboda fitsarin kwance ko firgitar dare ƙara wa ƙararrawar ƙarfi yake yi. A sauya shimfiɗa ba tare da gori ba, a bar fitila a ɗaki, a bar shi ya kwana kusa da babba har ya sami natsuwa. In ya firgita, a zauna kusa da shi, a kira sunansa, a gaya masa inda yake, a yi numfashi tare da shi a hankali har zuciyarsa ta kwanta.

A nan dole mu faɗi wata magana mai nauyi. 'Yan matan da suka daɗe a hannun 'yan bindiga, har waɗansu suka dawo da goyo, ba su yi zunubi ba. Zunubi aka yi musu. Duk bakin da ya yi musu tsegumi a rijiya ko a ƙofar majami'a yana ƙarasa aikin da masu bindiga suka fara. Jaririn da ke bayanta kuwa halittar Allah ne, ba shi da alhakin kowa a wuyansa. Ƙofar Ikilisiya da ta makaranta a buɗe suke gare su, kuma wajibi ne su ji haka daga bakinmu.

Na uku, ya ce a ba ta abinci. Bayan babbar al'ajiba, Ubangiji ya koma ga ƙaramin abu na kullum. Abin da yake koya wa jikin yaro cewa duniya ta koma daidai shi ne tsarin yau da gobe: kunu da safe a kan lokaci, addu'ar iyali da dare, wasa da tsara, ɗan aikin da ya saba, ko gyaran taru tare da uba ko ban ruwa a fadamar albasa. Kada a mai da shi majiyyacin da ba a aike. Yaron da yake tsoron ruwa kada a jefa shi cikin kwalekwale da ƙarfi. A fara da zama a gaɓa, sa'an nan gajeriyar tafiya da rigar kariya tare da wanda ya amince da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Makaranta ma tana cikin wannan abinci. Mun san tsoron iyaye, kuma tsoro ne mai dalili. Hakkinmu ne mu riƙa tambayar hukuma da shugabannin makarantu matakan tsaron da suka ɗauka. Amma cire yarinya daga karatu a aurar da ita domin a huta da fargaba, ƙara mata hasara ne a kan hasara. Malamai kuma su yi haƙuri da ɗalibin da ya koma baya, su rage masa nauyi na ɗan lokaci, su hana 'yan aji yi masa laƙabi.

Lokacin da ya kamata a nemi asibiti

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Wannan ciwo ne kamar sauran cututtuka, yana kuma da masu maganinsa. In alamun sun wuce wata guda ba su ragu ba, ko suna ƙaruwa. In yaro ya ƙi ci, ya ƙi barci, ya daina magana. In ya shiga shaye-shaye. Sai a kai shi ga ma'aikacin lafiya. In kuwa ya ambaci son mutuwa ko cutar da kansa, kada a jira gobe, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da makami daga inda zai kai hannu. A fara da asibitin da ke kusa ko babban asibitin Yauri, su ne za su tura gaba in da bukata. Akwai asibitin tarayya na masu cutar ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tabbatar wa irin waɗannan majiyyata mutuncinsu. Ɗaure yaro da mari, ko dukansa da sunan fitar da iska, ba hanyar Kristi ba ce. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Wanda ya rubuta mana Bishara ta uku ai likita ne.

Mai riƙo ma yana bukatar mai riƙe shi

Uwar da ta yi wata da watanni ba ta runtsa ba tana jiran labari, ita ma ta ji rauni. Haka uban da yake jin kunya don bai iya kāre ɗansa ba, da katikis da ya yi jana'iza bayan jana'iza, da ma'aikaciyar jinya da ta karɓi gawawwaki. Yaro yakan duba fuskar babba domin ya san ko akwai hatsari, saboda haka natsuwarmu maganinsa ce. Ba mu ce a ɓoye hawaye ba. Yaro ya ga ana kuka kuma ana tashi a dafa abinci, darasi ne mai kyau. Amma mu nemi wanda za mu sauke wa nauyinmu, Fada ko Sista ko amini, kada mu sauke shi a kan yara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna roƙon kowace majami'a, daga Yelwa har ƙauyukan bakin tafki, ta zaɓi mutum biyu masu riƙon asiri, mace da namiji, waɗanda za su riƙa ziyartar irin waɗannan gidaje a kai a kai, ba ranar barka kaɗai ba. Zumuntar Mata Katolika ta karɓi uwar da ta gaji aikin gida na yini guda. Matasa su shirya wa ƙanana wasa da waƙa bayan Misa. Kada kuma mu tsallake gidan maƙwabcinmu Musulmi, gama ruwan Warra bai tambayi addinin kowa ba, 'yan bindiga ma haka. Ɗa na kowa ne.

Yusufu Mai Tsarki bai iya hana Hirudus mugunta ba, amma ya tsare yaron da aka damƙa masa har ya komo da shi Nazarat, ya girma a cikin gida mai aiki da addu'a. Abin da ake nema a gare mu ke nan. Bari Yesu, Maryamu da Yusufu su tsare gidajenmu, su ba marayunmu masu riƙo na gari, su komo da zukatan 'ya'yanmu gida kamar yadda aka komo da jikunansu. Amin.