Musa da Fir'auna a Abuja

Tun komawar mulkin farar hula a 1999, da wuya zaɓe ya wuce ba mu ji an kira ɗan takara Annabi Musa, mai zaune a fadar Aso kuwa Fir'auna ba. A 2015 Buhari ne Musan yawancinmu. Kafin 2023 wasunmu sun sauya masa suna.

To, mu fa, su wane ne a ƙissar? Kullum Bani Isra'ila abin zalunta. Ba mu taɓa zama Hamana ko Ƙaruna ba, balle masu bautar ɗan maraƙi. Alhali Musan da muke aro, magana mai taushi aka umarce shi ya yi wa Fir'auna, ko zai tuba. Mu kuwa da zarar mun laƙaba wa mutum sunan, teku kawai muke nema masa.