Yaron Da Ke Ƙasa Ba Ya Saki Kwatsam



Bayan sallar isha'i wani maƙwabcina ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, wata magana ce ta yaron nan nawa ta hana ni barci." Ɗansa ɗan shekara 12 ne, yana wasan jimnastik. Shekara biyu ke nan yana ɓangaren da ake kira akrobatik, yanzu kuma ya kafe sai ya koma atistik. Uban yana tambaya: ya bar shi, ko ya hana?

Ga wanda bai san wasan ba, bari in bambance. A atistik, yaro shi kaɗai ne da kayan wasansa. Maza suna da fanni shida, ciki har da zobba biyu da ake ratayawa da sandar lilo. Mata suna da huɗu, ciki har da katakon da faɗinsa santimita 10 ne kacal. Wannan ɓangare shi ne ake yi a gasar Olamfik, kuma a nan ne Uche Eke ya wakilci Najeriya a Tokiyo a 2021. Shi kuwa akrobatik babu kayan wasa, mutum ne kayan wasan ɗan'uwansa. Ana yi bibbiyu, ko mata uku, ko maza huɗu. Mai ƙarfi yana ƙasa, ƙarami yana sama. A ɗaga shi, a cilla shi, a cafe.

Ɗan maƙwabcina shi ne na ƙasa. Na samansa wani ɗan Bayarabe ne mai shekara 9, kuma saura wata biyu su shiga gasa.

Da farko zuciyata ta ce a hana shi. Mu da muka taso a kasuwa mun san yaron da yau yana goro, gobe yana albasa, jibi yana canji, ba ya zama gwani a ko ɗaya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Amma da na kwana da maganar, sai na ga ba adalci ba ne. Yaro ba tsoho ba ne. Jikinsa na canzawa, sha'awarsa na canzawa. Na sama ma wata rana nauyi zai yi masa yawa, dole ya sauko. Yawancinmu nan, ai barin garin iyayenmu muka yi muka zo Ibadan neman abin da ya fi. Wa ya kira mu marasa haƙuri?

To ashe sauyin ba shi ne laifi ba. Maganar tana wurin wanda za a bari a baya. Idan ɗan atistik ya tafi, sanda ba ta kuka. Idan na ƙasa ya tafi, na sama ya rasa wasan gaba ɗaya, don ba ya iya ɗaga kansa. Kuma yarda ba a sayenta a kanti: kafin yaro ya saki jiki a cilla shi sama, sai ya yi watanni yana sabawa da hannun da zai tare shi.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi magana a kan irin wannan a babin kiradi, wato mai kuɗi ya ba wani jari ya juya su raba riba. Kafin a fara aiki, kowa na iya fasawa. Amma da zarar an sayi kaya an kama hanya, ba mai janyewa sai an sayar, kuɗi sun dawo. Na san yaro ɗan 12 alƙalami bai hau kansa ba, kuma wasa ba ciniki ba ne. Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya koyi cewa ana zame wa aboki ranar da aka ga abin da ya fi, gobe haka zai yi wa abokin kasuwa, haka zai yi wa iyali.

Ga abin da na faɗa wa maƙwabcina. Na ce, "Alhaji, kada ka hana shi, kada kuma ka sake shi yau. Ya gama gasar nan da abokinsa. Ya je da ƙafarsa ya gaya wa yaron da mai horar da su tun yanzu, don a nemo wani. In an samu, ya tsaya ya taya su har su saba. Sannan ya tafi da albarkarka." In da akwai cuta, ko rauni a jiki, ko mai horarwa mara tsoron Allah, wannan dabam ne, a cire yaro a ranar, babu jira.

Abu na ƙarshe. Mu baƙi ne a garin nan, jarinmu mafi girma shi ne a ce Bahaushe in ya yi magana ya gama. Iyayen wancan yaron sun miƙa wuyan ɗansu a hannun ɗanmu. Kada mu bari su yi nadama.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su zama masu riƙon amana. Amin.