Darajar Mace a Mahaifarta Take?

Akwai wani ɗaki da dukanmu muka zauna a cikinsa wata 9, sarki da talaka, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san girmansa. Mahaifa ke nan. Bari mu duba yadda take, kāna mu yi wa kanmu tambaya guda.

A jikin macen da ba ta da ciki, tsawon mahaifa kamar inci 3 ne, faɗinta inci 2, nauyinta kuwa wajen giram 60. Ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Siffarta kamar 'yar gora ce a kife, tana zaune cikin ƙugu tsakanin mafitsara da ƙarshen hanji. Bakinta yana ƙasa, daga sama kuma akwai hanyoyi 2, dama da hagu, ta inda ƙwai yake bi ya iso. Bangonta tsoka ce mai ƙarfi. Shimfiɗarta ta ciki takan yi kauri kowane wata, in ciki bai shiga ba ta zube, jinin al'ada ke nan. In kuwa ya shiga, sai ta yi ta buɗewa har ta kai kusa da haƙarƙari, nauyinta ya kai kilo 1. Bayan haihuwa, cikin mako 6, wato kusan kwana 40 ɗin nan na jego, takan koma kusan yadda take a dā.

To, ga tambayar. Daidai ne mu auna darajar mace ɗungum da wannan 'yar gaɓa mai inci 3? Gama haka muke yi. In aure ya shekara biyu ba goyo, sai a fara ce mata juya, uwar miji ta ɗaure fuska, dangi su fara yi wa miji raɗar ya sake ta.

Mu lura da abu uku. Na ɗaya, likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin gidajen da ba haihuwa, akwai matsala a jikin mijin. Na biyu, sau da yawa ciwon sanyi ne yake toshe hanyoyin nan 2, wani lokaci kuwa mijin ne ya kwaso shi a waje. Na uku, ko jariri zai zama namiji ko mace, daga irin uban ne, ba daga mahaifar uwar ba. Ashe laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen nata.

Wani zai ce, "Ai 'ya'ya albarka ne, wa zai gāje ni?" Gaskiya ne, ba mu raina wannan baƙin ciki ba. Amma albarka kyauta ce, ba bashi ba ce da miji yake bin matarsa. Wanda bai iya ƙara wa mahaifa ko inci guda ba, ta yaya zai hukunta mai ita? Ku tuna da Elkana. Shekara da shekaru Hannatu ba ta haihu ba, kishiya tana tsokanarta, duk da haka bai rage ƙaunarsa gare ta ba.

Saboda haka, in haihuwa ta yi jinkiri, miji da mata su tafi asibiti tare, a duba su duka biyu. Iyayen miji su kame bakinsu. In kuwa ba ta zo ba sam, ga marayu nan a cikinmu, ɗa kuwa na kowa ne. Wadda ka yi wa alkawari a gaban jama'a mutum ce, da mahaifa ko babu.