Nasiha Ga Takwarana Mai Labarin Karnuka

Takwara, na karanta labarin nan da ka rubuta a littafinka na makaranta, wanda mahaifiyarka ta kawo mini tana murna. Na karanta shi har ƙarshe. Allah ya yi maka albarka, hannunka ya fara faɗawa. Yaro ya taimaki wata tsohuwa a bakin rijiya, ta shafa masa wani abu a kunne, gari ya waye yana jin abin da karnukan unguwa ke faɗa. Wannan mafari ya yi kyau, kuma na ji ƙamshin tatsuniyoyin da kakarka ke yi muku a tsakar gida. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai, in kuwa na yi shiru ban kyauta maka ba.

Tun ranar da yaron naka ya sami wannan baiwa har shafin ƙarshe, karnuka ne ke yi masa hidima. Su suka gano masa kuɗin aike da ya yar. Su suka kori yaran da ke tsokanarsa. Su suka tona asirin ɓarawon akuya, har mai unguwa ya sa masa albarka a gaban jama'a. Na yi ta juya shafi ina neman inda zai durƙusa ya tambayi ko ɗaya daga cikinsu, "Ka sha ruwa yau? Me ya sami ƙafarka?" Ban gani ba. A ƙasa kuma ka rubuta da jan biro cewa labarin yana koyar da abota da riƙon amana. Amanar karnukan kam na gan ta. Ina ta yaron?

Ka tsaya ka yi tunani. In da gaske Allah zai buɗe kunnen wani yaro a unguwar nan tamu ya ji maganar karnuka, me kake tsammani zai fara ji? Zai ji wannan na cewa igiya ta ci masa wuya. Zai ji wancan na kukan ƙudan da suka cinye masa bakin kunne har ya zama gyambo. Zai ji karyar nan ta bayan kasuwa tana neman 'ya'yanta da yara suka kwashe suka zuba a kwalbati. Zai ji sunayen masu jifa ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa har da nasa a ciki. Yaron da aka ba irin wannan kunne ba zai sami barcin kirki ba a makon farko, don kowane haushi na dare ya zama magana, kuma maganar da ka ji ta zama nauyi a kanka. Nan ne labarinka yake, takwara, kai kuwa ka tsallake shi ka tafi wajen ɓarawon akuya.

Wanda muka sani tabbas an ba shi irin wannan baiwa shi ne Annabi Sulaimanu, alaihis salamu. Ka kai Suratun Namli a allo, ka san ƙissar. Da ya ji tururuwa tana gargaɗin 'yan uwanta su shige gidajensu kada runduna ta tattake su, murmushi ya yi, sannan ya roƙi Allah ya ba shi ikon godiya da aikin ƙwarai. Ka kuma lura da abin da ya biyo baya. Sarki ne mai rundunar mutane da aljanu da tsuntsaye, amma da ya bi sahun tsuntsayen yana dubawa, nan take ya gane babu alhudahuda, ya tambayi inda yake, har ransa ya ɓaci. Tsuntsu guda, ɗan mitsitsi, cikin wannan taro duka. Mai kunnen gaske yakan san wanda ba ya nan. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kai ma da kake fatan a shafa maka magani a kunne, ai karenka Duna ya daɗe yana yi maka magana. Kai ka roƙi mahaifinka a karɓo shi yana ɗan kwikwiyo, ka yi alkawarin cinsa da shansa suna wuyanka. Shekaranjiya da azahar na zaga bayan gida na tarar da shi ɗaure a gindin katanga, inuwa ta janye ta bar shi a rana, kaskonsa a kife, harshe a waje yana haki. Kare ba ya gumi kamar ni da kai, da hakin nan yake sanyaya jikinsa, saboda haka in ka ga ya tsananta, ruwa da inuwa yake roƙo. In ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ya kwantar da kunnuwa, tsoro yake ji. In yana ta girgiza kai yana sosa kunne, ka duba, kaska ce ko ƙuda. Haushin da yake wa baƙo daban, kukan da yake yi in ya ji ƙarar kekenka daga kan kwana daban. Mafarautan garinmu ba su taɓa haɗuwa da wata tsohuwa mai magani ba, amma daga muryar karensu a cikin daji sukan san zomo ya tayar ko maciji ya gani. Zama tare ne ya koya musu, da kuma lura.

Na san abin da wasu za su ce maka, wai ai kare ne, me ya yi zafi. Ka ba su labarin mutumin nan da Abu Huraira ya ruwaito daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, wanda ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim. Matafiyi ne ƙishirwa ta kama shi, ya sami rijiya ya shiga ya sha. Da ya fito sai ga kare yana haki yana cin danshin ƙasa. Ya gane abin da ya same shi ne ya sami dabbar nan. Babu guga, babu igiya. Ya sake komawa cikin rijiyar, ya cika huffinsa da ruwa, ya kama shi da haƙora don hannuwansa su sami damar hawa, ya fito ya shayar da karen. Allah ya gode masa, ya gafarta masa. Ka duba fa, karen bai ce masa uffan ba, ba kuma nasa ba ne, bai kuma biya shi da komai ba daga baya. Gaskiya ne shari'a ta yi iyaka a kan ajiye kare, ta ba da dama don farauta da kiwo da tsaron gona, malamanmu kuma suka yi bayani a kan gadin gida. An ce a wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Duk wannan muna bi. Amma babu inda aka ce ka ɗaure shi ka manta.

Tun da muna kan wannan, bari in sa maka wata magana a kunne, don na ga yaron labarinka yana rungumar kowane kare da ya gamu da shi a hanya, ƙannenka kuma za su karanta. Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi, kuma yana yawan kama yara don su ke wasa da karnuka suna ɓoye cizo saboda tsoron faɗa. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a ranar don allura, kada a tsaya shafa gashin karen ko toka. Duna kuma a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa riga-kafi duk shekara. A nan ƙasar ma ana yin allurar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos. Wannan ma cikin haƙƙinsa ne da ke kanka.

To, yanzu ga abin da ya sa na kira ka, don maganar ba ta tsaya kan Duna ba.

Ina abokinka, ɗan gidan maƙera? Tare aka kai ku makarantar allo, tabarma ɗaya kuke zama, akushi ɗaya kuke ci a zauren nan. Ranar da kunama ta harbe ka a gona, shi ya goyo ka tun daga bakin rafi har ƙofar gida, yana tafe yana kuka kamar shi aka harba. Tun da ciwo ya kwantar da mahaifinsa ya bar boko ya shiga gareji koyon kanikanci, kai kuma aka sa ka sabuwar makaranta, ka sami abokai masu waya. Ran Asabar ina zaune a zaure ya yi sallama, rigarsa duk baƙin mai, ya durƙusa ya gaishe ni ya ce a yi masa magana da kai. Ƙanwarka ta shiga ta fito ta ce wai kana barci. Ni kuwa ina jin dariyarku kai da baƙinka daga ɗaki. Shi ma ya ji. Bai ce komai ba, ya ce a gaishe ka in ka tashi, ya sa takalminsa ya tafi. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana, wallahi raina bai yi daɗi ba.

Ban ce kai mugu ba ne. Na san zuciyarka, kuma na san yadda ƙuruciya take: kunya ce ta kama ka, kada sababbin abokai su ga da wa kake tafiya. Amma wata nawa ke nan ba ya cikin taronku, ka taɓa ɗaga kai ka ce, ina wane? Ka rubuta shafi goma kan amana, ga mai amana ya zo har ƙofar gidanku an sallame shi da ƙarya.

Mutane na son labarin kare mai amana, har a ƙasashen da ba ka zata ba. A Japan akwai wani kare mai suna Hachiko, na wani malamin jami'a a Tokyo da ake kira Ueno. Kullum da yamma yakan je tashar jirgin ƙasa ta Shibuya ya tarye shi. A 1925 malamin ya rasu a wurin aiki, bai dawo ba. Karen ya ci gaba da zuwa tashar yana jira har ya mutu a 1935, kusan shekara goma. Tun yana da rai, a 1934, aka kafa masa mutum-mutumi a wurin. Kowa na jin wannan ya ce, kai, ina ma in sami mai sona haka. Kaɗan ne ke tambaya, wa ya riƙe karen duk shekarun nan? Tsohon mai kula da lambun malamin ne ya ɗauke shi ya ajiye a gidansa. Sunansa bai yi tashe kamar na karen ba, amma ni shi nake so ka yi koyi da shi. Abin da ke damuna da masu son irin wannan labari ke nan: kowa ya ɗauki kansa a matsayin wanda ake jira a tasha.

Kullum Juma'a kana karanta Suratul Kahfi. Samarin nan sun gudu da imaninsu sun shiga kogo, karensu ya bi su ya miƙe ƙafafunsa na gaba a bakin ƙofa, suka yi barcin shekara 309. Duk inda surar ta kawo saɓanin mutane kan yawansu, ko uku ne ko biyar ko bakwai, sai ta ƙirga da karen. Bai yi wa'azi ba, bai yi wata bajinta ba. Ya bi mutanen kirki a lokacin da suka rasa gida da gari da daraja, ya zauna inda suka zauna. Malaman tafsiri sun daɗe suna jan hankalinmu kan wannan, cewa zama da nagari ya ɗaukaka har dabba. Ni kuma abin da nake ƙara gani shi ne lokacin da ya bi su: lokacin da bin su ba ya kawo ko ƙashi. Wani malamin Bagadaza, Ibnul Marzuban, wanda ya rasu a shekara ta 921, har littafi ya wallafa kan fifikon karnuka a kan da yawa daga masu sa tufafi, saboda takaicin yadda abokai ke watsewa in hannu ya bushe. Ba na so jikana, mai sunana, ya shiga cikin waɗanda littafin nan ke nufi.

Labarinka kada ka yaga shi. Ka bar tsohuwar, ka bar maganin kunnen. Amma ka sa yaron ya ji abin da ba ya son ji. Ka sa wani tsohon kare mai ɗingishi ya gaya masa cewa dutsen da ya karya masa ƙafa daga hannunsa ya fito. Ka bar shi ya ji kunya, ya rasa abin cewa. Ka sa wata rana ya zaɓa tsakanin tafiya kallon ƙwallo da abokai da zama wurin karen da ba shi da lafiya, kuma zaɓin ya yi masa ciwo. In ka ga dama ma, a ƙarshe maganin ya daina aiki, kunnensa ya koma irin na kowa, mu ga ko zai ci gaba da kai ruwa bayan an daina yi masa godiya da baki. Da haka mai karatu zai san ko yaron ya koyi wani abu, ba sai ka rubuta masa da jan biro ba.

Yanzu tashi ka kwance Duna ka mai da shi gindin darbejiya, ka wanke kaskon ka cika shi. In an yi la'asar kuma ka sa rigarka ka tafi garejin nan da ƙafarka, kada ka aika, kada ka buga waya. Zumunta a ƙafa take. Ka tarar da shi a cikin baƙin man nasa ka miƙa masa hannu a gaban abokan aikinsa. Ka gaya masa gaskiya cewa ran Asabar idonka biyu, ka ce ya yafe maka. Ka tambayi jikin mahaifinsa, in an tashi aiki ku wuce tare ka gaishe shi, ga wannan kuɗin ka sayi lemo ka riƙa, ka ce ina duba shi, gobe in Allah ya kai mu zan shigo da kaina. Mai yiwuwa ya karɓe ka a sanyaye, ya ce ba komai alhali akwai komai. Kada ka yi fushi, yana da gaskiya. Ka zauna a kan benci ka jira ya gama abin da yake yi, jibi kuma ka sake komawa.