Kwana 56 Babu Kuɗin Ruwa: Karanta Sharaɗin Kafin Ka Sa Hannu

Ɗana, idan Allah ya kai ka Ingila, ko karatu ko aikin asibiti, ba za ka daɗe da buɗe asusu ba banki zai fara yi maka tayin katin bashi. Abokan zama ma za su ce ka karɓa, domin a can ana duba tarihin bashin mutum kafin a ba shi rancen sayen gida ko wayar biyan wata-wata, kuma kamfanoni irin su Experian da Equifax ne ke ajiye wannan tarihi. A jikin takardar tayin za ka ga an rubuta cewa kana da har zuwa kwana 56 babu kuɗin ruwa. Maganar gaskiya ce, amma tana da sharaɗi, kuma sharaɗin nake so ya zauna maka kafin ka sa hannu.

Katin ATM da ka saba da shi a gida kuɗinka yake taɓawa. In asusu ya bushe, shi ke nan. Wannan kuwa kuɗin banki ne. Kamar mai shagon unguwa ne da ke rubuta maka a littafi, ƙarshen wata ya miƙo maka lissafi. Sau ɗaya a wata banki yake rufe littafin, ya fitar da takardar lissafi mai ɗauke da duk abin da ka saya, sannan ya ƙara maka kamar kwana 25 ka biya. Kwana 31 na wata da waɗannan 25, ka ga inda 56 ta fito.

To, ka lura da kalmomin nan biyu, "har zuwa". A ɗauka ana fitar da takardarka ranar 1 ga kowane wata, a biya ranar 26. Ka sayi rigar sanyi ranar 2 ga Maris, ba za ta bayyana ba sai a takardar 1 ga Afrilu, ka biya ranar 26 ga Afrilu: kwana 55 ke nan. Amma takalmin da ka saya ranar 30 ga Maris shi ma a wannan takardar zai fito, ranar biyansu ɗaya, kwana 27 kacal ya samu. Ba daga ranar sayayya ake fara ƙirga maka 56 ba. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su ɗauka suna da sauran wata guda alhali wa'adi ya riga ya zo bakin ƙofa. Ranaku biyu za ka haddace kamar sunanka: ranar fitar takarda da ranar biya.

Ga sharaɗin kuma. Rangwamen nan na wanda ya biya duk abin da ke kan takardar ne, kaf, kafin ranar ta wuce. Ba rabi ba, ba mafi yawa ba. A ce takarda ta nuna fam 1,000, ka biya 950, kana ganin ai saura ƙiris. Yawancin bankuna ba a kan fam 50 ɗin kaɗai za su ɗora ruwa ba. Za su koma baya, su lissafa ruwa a kan kowace sayayya tun daga ranar da ta shiga asusun, kwana-kwana, har ranar da ka biya. Idan ruwan katin kashi 24 cikin 100 ne a shekara, fam 1,000 tana jawo kusan fam 20 a wata. Ba a nan ya tsaya ba. Muddin akwai ragowar bashi a kan katin, duk abin da ka saya daga baya, ko burodi ne, ruwansa yana fara hawa nan take. Kafin rangwamen ya dawo sai ka share bashin gaba ɗaya, sau da yawa ma wata biyu a jere. Shi ya sa wani zai biya komai, wata mai zuwa ya ga an sake rubuta masa 'yan fam na ruwa, ya yi zaton kuskure ne, alhali ruwan kwanakin da ke tsakanin fitar takarda da ranar da ya biya ne.

Kada ka yi mamakin yadda banki ke ba da kuɗinsa na makonni ba ya karɓar komai. Yana samun ɗan kaso daga mai shago a kan kowace sayayya, amma doka ta taƙaita wannan kason zuwa kashi 0.3 cikin 100 a sayayyar cikin Birtaniya. Babbar ribarsa tana wajen waɗanda suka kasa cika sharaɗi. Ka duba takardarka, za ka ga adadi biyu: jimlar bashi, da mafi ƙarancin abin da za ka iya biya. Na biyun yakan zama kashi 1 cikin 100 na bashin, haɗe da ruwan watan da sauran caji. Yana da daɗin gani, musamman a watan da aljihu ya yi sanyi, amma wanda ya lizimci biyansa zai yi shekara da shekaru yana biya, uwar kuɗi kuwa tana raguwa ne kaɗan-kaɗan. Abin ya kai hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi a Birtaniya, FCA, ta kafa ƙa'ida a 2018 cewa duk wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da caji fiye da abin da yake rage wa ainihin bashin, dole banki ya tuntuɓe shi. Ba na so sunanka ya shiga wannan sahu.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Rangwamen na sayen kaya ne kawai. Ka ciri tsabar kuɗi da katin a na'ura, ruwa yana farawa a ranar, galibi a farashi mafi tsada, ga ladan cira na kusan kashi 3 cikin 100. Sayen kuɗin ƙasar waje da tura kuɗi ma bankuna da dama suna lissafa su a matsayin cirar tsaba. Na san yadda ake ji idan waya ta zo daga gida, an kwantar da Inna ko kuɗin makarantar ƙanne ya taso, ga albashi da saura. Taimakon iyaye wajibi ne, Allah ya yi maka albarka a kai. Amma ka tura daga asusun albashinka, ko ka ranta wajen ɗan'uwa, kada ka tura da wannan katin.

Za ka kuma ci karo da wani tayin daban: katin da ke cewa babu ruwa a kan sayayya tsawon wata 12 ko 18, wani har ya haura 20. A nan ba a neman ka biya duka kowane wata, amma dole mafi ƙarancin nan ya shiga a kan lokaci. Ka makara sau ɗaya, ana iya cin tararka, yawanci fam 12, a kuma janye rangwamen baki ɗaya. Ranar da wa'adin ya cika, duk abin da ya rage ya koma kan cikakken ruwa. In har ka shiga, ka raba kuɗin kayan a kan adadin watannin, ka rage wata ɗaya don ko-ta-kwana, ka riƙa biyan wannan kason. Fam 1,100 a wa'adin wata 12, fam 100 ke nan duk wata, ka gama a na 11.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi ga Musulmi. Wasu suna cewa tunda suna biya kafin ruwa ya hau, babu laifi. Ka sani Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya cikin kwanakin rangwame, saboda hannun da ya sa a kan sharaɗin. Wasu malaman da ke zaune a Turai da Amurka sun sassauta saboda buƙata, bisa sharaɗin kada a bari ruwa ya hau ko sau ɗaya. Ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka faɗa masa halin da kake ciki ba ƙari ba ragi. Abin da ba zan yarda maka da shi ba shi ne ka fake da fatawar masu sassauci, sannan ka yi sakaci da sharaɗin da suka kafa.

Idan ka karɓi katin, kada ka sayi abin da kuɗinsa ba ya cikin asusunka a ranar. Ka ba banki izinin cirar jimlar takardar kai tsaye duk wata, jimla fa, ba mafi ƙaranci ba, ka kuma roƙa a matsar da ranar biya zuwa kwana biyu ko uku bayan shigar albashi. Yawancinsu suna amincewa. In kuwa wata ya zo da nauyi ka ga ba za ka iya ba, kada kunya ta hana ka magana. Ka ajiye katin, ka kira banki kafin ranar ta wuce, ka nemi StepChange ko Citizens Advice, suna ba da shawara kan bashi kyauta. Sannan ka kira gida ka faɗa wa manyanka tun abin yana ƙarami.