GARGAƊIN ANNABAWA DA ƘOFAR TUBA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da sauran 'yan'uwansa Annabawa.

A shekarar 1975 cutar kuturtar gyada ta cinye gonaki a ƙasar Hausa. A 2016 kuma wata tsutsa ta auka wa tumatir a Ikara da Maƙarfi da Kudan, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci. Duk sa'ad da irin wannan ta auku mutane kan rabu biyu. Wasu su ce azaba ce, wasu su ce ƙwaro ne kurum. To, ina gaskiyar take?

Tambayar nan tsohuwa ce. A cikin littattafan Bani Isra'ila, waɗanda aka fassara da Hausa tun 1932, akwai labarin Amos, wani makiyayi na ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Shari'a ta yarda a ba da irin wannan labari matuƙar bai saɓa wa Alƙur'ani ba. Amos ya tuna wa mutanensa cewa fari da ɗomana sun ci gonakinsu, amma ba su koma ga Ubangiji ba. Laifin da ya fi kama su da shi kuwa shi ne tauye mudu, da algus a hatsi, da danne matalauta. Kan tauye mudu ɗin nan ne Annabi Shu'aibu ya gargaɗi mutanen Madyana, suka ƙi ji, aka halaka su.

Mutanen Ninawa, kusa da Mausil ta ƙasar Iraƙi, su kam sun ji. Littafin Yunusa na Bani Isra'ila ya ce kwana 40 aka ɗiba musu, sai sarki da talakawa suka yi azumi, suka bar zalunci. Aya ta 98 ta Suratu Yunus ta tabbatar da cewa imaninsu ya amfane su, aka yaye musu azaba. Ashe gargaɗi kansa rahama ne, domin wanda ake nufin halakawa farat ɗaya ba a aika masa mai kashedi.

Sai dai a kula. Ba kowace masifa ce uƙuba ba, gama an jarrabi Annabi Ayuba alhali yana mai biyayya. Saboda haka ba ya halatta mutum ya dubi gonar maƙwabcinsa da ta lalace ya ce alhaki ne ya kama shi. Sanin wannan na Allah ne. Abin da ke wuyan bawa shi ne ya binciki kansa.

Malamai sun ce sharuɗɗan tuba su ne nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar da haƙƙin mutane. Na ƙarshen nan shi ya fi nauyi. Wanda ya jera manyan tumatir a bakin kwando ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa, da dillalin da ya ci kuɗin mai rake, da wanda ya ture iyakar gonar marayu, istigfari da baki bai ishe su ba sai sun biya. Bayan haka manomi ya nemi shawarar malaman gona, ya yi feshi a kan kari, domin riƙon sababi ba ya warware tawakkali.

Allah Ya sa a tuba tun ƙofar tana buɗe, amin.